Yaro ɗaya ya cika mini fom sau uku

Ɗalibar Masta:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ina digiri na biyu a nazarin zamantakewa, aikina a kan samarin da ke kwana a tasha da rumfunan kasuwa ne, waɗanda ba su da ɗakin komawa in dare ya yi. Na tsara takardar tambayoyi, malamin da ke duba aikina ya sa hannu, na yi sati uku ina zuwa wata babbar tasha da hantsi, ƙanena yana raka ni. Ranar da na zauna haɗa amsoshi sai jikina ya yi sanyi. Kusan kowa maraya ne, kowa shekararsa 18 cif, kowa burinsa a mayar da shi makaranta, kuma babu wanda ya taɓa ko ganin sholisho da idonsa. Akwai wanda ya amsa mini sau uku da suna uku, don ina ba da kuɗin shayi. Ƙanena ne ya gane shi a karo na uku, riga kawai ya sauya.

Cikin wannan takaici na ci karo da wani aiki da jami'ar Dundee ta Birtaniya ta yi tare da ƙungiyar StreetInvest, sunansa Growing up on the Streets. An fara shi a 2012 a birane uku: Akra a Gana, Bukavu a Kwango, da Harare a Zimbabuwe. Maimakon baƙo ya zo da fom, sai suka ɗauki matasa 18 daga cikin masu rayuwar titin, shida a kowane birni, suka horar da su. Kowane ɗaya yana bibiyar rayuwar abokansa goma, duk sati ya zo ya ba da labarin abin da ya gani, aka yi shekara uku ana haka. Jimilla matasa 198, har da su masu bibiyar. Har abubuwa goma da aka auna rayuwarsu da su, irin su wurin kwana, abinci, sana'a, lafiya da abota, daga bakin matasan suka fito.

Ni ba ni da kuɗin Turawa. Amma ina tunanin in samu uku ko huɗu daga cikin yaran tashar su zama abokan aikina, mu tsara tambayoyin tare, su yi hirar, mu zauna mu fassara amsoshin tare. Malamina ya ce wannan ba bincike ba ne, hira ce. Me kuka gani?

Kawu Na Baya:
Wa alaikumus salam. Yaron da ya cika fom sau uku ya fi ki lissafi, shi ya kamata a ba digirin.

Tsohon Ɗan Tasha:
Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da ya same ki, don ni na kwana a tasha kusan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina, kafin Allah ya haɗa ni da maigidan da ya koya mini ɗinki. Da hantsi kika je. Da hantsi masu kwana a tasha ba sa tasha. Mai baro yana kasuwar kayan gwari tun asuba, ɗan bola jari ya yi nisa da buhunsa, mai wankin mota yana bakin famfo. Waɗanda kika tarar a zaune, rabinsu suna da gidan iyaye a bayan tashar, zaman kashe wando ne ya kawo su.

Maganar shekara 18 kuwa karatu ne da muke yi wa juna. Sabon zuwa ana gaya masa: in ka ce ƙasa da haka za a iya kwashe ka a mayar da kai garinku, in ka ce sama da haka an ɗauke ka ƙato, ba a ba ka komai. Maraici kuma shi ke buɗe jaka. Ba mugunta ba ce. Ke kin zo neman abinki, shi ma ya nemi nasa.

Abin da ya fi ba ni dariya a fom ɗin irinku, ba a taɓa tambayarmu abin da ke cin ranmu ba. Ba wanda ya ce a ina kake ajiye kuɗinka in za ka yi barci. Ni mai shayi ne bankina, yana da wani ɗan littafi duk ya sha maiƙo, kowa da shafinsa, wanda bai iya karatu ba yana gane nasa da alamar da aka zana masa. Takalmi kuwa matashin kai ake yi da shi, in ba haka ba ka tashi ba takalmi. Da hunturu kwali tsada yake yi, har faɗa ake a kansa. Sannan akwai wanda kake ba wani abu duk dare kafin ka shimfiɗa kwalin a rumfar da ba ta yoyo. Ki duba takardarki, akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Ɗalibar Masta:
Babu ko ɗaya, Yaya. Wallahi kunya ta kama ni.

Dakta Mai Alli:
Ba abin kunya ba ne, malama, kowa ya yi irin wannan a farkon aikinsa. Kuma ki gaya wa malaminki cikin ladabi cewa abin da kike nema yana da tushe. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce a saurari yaro a duk abin da ya shafe shi. A 2017 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fitar da sharhinsa na 21, a kan yaran titi kacokan, kuma kafin a rubuta shi sai da aka ji ta bakin yara da matasa 327 daga ƙasashe 32.

Sai dai sa hannun yara a cikin aiki iri-iri ne. Wani masani, Roger Hart, ya zana wani tsani mai matakai takwas a 1992, ya ce matakai uku na ƙasa ba sa hannu ba ne ko kaɗan: juya yaro yadda kake so, yin ado da shi a taro, da kuma ba shi kujera don a ce an ba shi. Yawancin abin da nake gani a tarukan ƙungiyoyi bai wuce nan ba. A sa wa yaro riga mai tambari, ya karanta jawabin da wani ya rubuta, a tafa, a ba shi shinkafa a roba. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina ɗaya ne: akwai abin da matasan suka ce a sauya, aka sauya, alhali mai binciken bai so ba? In babu, 'yan aike kika ɗauka.

Amma malaminki yana da gaskiya a wuri ɗaya, kada ki raina. Kowane yaro abokansa zai kawo miki. In huɗunki duk 'yan baro ne, labarin 'yan baro za ki rubuta ki sa masa sunan tasha gaba ɗaya. Kuma abin da yaro zai gaya wa baƙuwar da ba zai sake gani ba, wani lokaci ba zai gaya wa abokin kwanansa ba, don gobe za a yi masa gori da shi.

Kawu Na Baya:
Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma ni duk wannan tsani da sashe bai dame ni ba. Tambayata: bayan shekara biyu ita ta sa hula da alkyabba an yi mata hoto, su kuma suna ina? A kan kwalinsu. Da fom aka yi, da abota aka yi, riba ɗaya ce kuma aljihu ɗaya take shiga. Na fom ɗin ma ya fi gaskiya, don bai yi wa kowa alkawarin zumunci ba.

Ɗan Nima:
Kawu bai yi ƙarya duka ba. Ni a Ankara nake, ta Gana ba ta Turkiyya ba, haka mu Hausawan zango muke kiran Akra tun kakanni. A nan an yi wa kayayo tambayoyi har sun gaji, wato 'yan matan da ke zuwa daga arewacin ƙasar suna dakon kaya a kasuwannin Makola da Agbogbloshie, da yawansu a bakin shaguna suke kwana da goyonsu. Ɗalibi ya zo, ɗan jarida ya zo, Bature ya zo da kyamara. Wata ta taɓa tambayata ko ana sayar da hotunansu ne a waje, don ba ta ga dalilin da mutum zai biya kuɗin jirgi ya zo ɗaukar hoton mai dakon kaya ba.

Amma ga inda na rabu da Kawu. A watan Yuni na 2015, bayan ambaliya da gobarar gidan mai da suka ci rayuka fiye da 150 a shataletalen Circle da ke cikin birnin, hukuma ta rushe wani sashe na unguwar talakawa ta Old Fadama. Mutane suka watse cikin kwana biyu. Duk mai riƙe da jerin sunaye da adireshi, takardarsa ta zama ta ƙunsa ƙosai. Wa ya san inda kowa ya koma? Waɗanda suke kwana tare da su. Shi ya sa tsarin da 'yar'uwa ta ambata ya burge ni, na bin mutum shekara uku ta hannun abokinsa. Ɗan titi ba ya zama wuri ɗaya, fom kuwa hoton rana ɗaya ne.

Gardin Tsangaya:
Ina karantawa tun ɗazu, ina jiran in ga ko za a jefo almajirai ciki, don an saba. Tun da wuri: almajiri ba mara gida ba ne. Yana da uba da ya kawo shi, yana da malami, yana da makwanci ko da zaure ne. Duk mai ƙirga wa ya haɗa mu da 'yan tasha, lissafinsa ya ɓaci tun daga tushe.

Kawu Na Baya:
Alaramma, yaron da ke kwana a barandar shago cikin sanyi yana da gida ke nan don an rubuta sunansa a allo?

Gardin Tsangaya:
Kawu, ka taɓa kwana a tsangaya, ko a rediyo ka ji?

Shugabar Zaure:
Malamai, a sassauta. Kowa ya faɗi hujjarsa ban da gugar zana.

Dakta Mai Alli:
Wannan gardamar taku ita ce zuciyar maganar, don wa ake ƙirgawa ya danganta da wa ya yanke ma'anar rashin gida. A Amurka cibiyar Chapin Hall ta jami'ar Shikago ta fitar da sakamako a 2017: cikin shekara guda, ɗaya cikin 10 na masu shekara 18 zuwa 25, da ɗaya cikin 30 na masu 13 zuwa 17, sun ɗanɗana rashin matsuguni. Kusan rabin manyan ba a titi suka kwana ba, yau ɗakin aboki, gobe gidan wani. Mai yawo da tocila ƙarƙashin gada ba zai taɓa ganinsu ba. A ƙirgar da suka yi a yankuna 22, matasan da suka san rayuwar sun shiga tsara inda za a duba. Ku kwatanta da namu: saurayin da ya bar gida yana raɓe a shagon abokai wata shida, mu ba ma ce masa mara gida, sai mu ce yana shago.

Alaramma kuma, akwai misali a Kano da zai yi maka daɗi. Wata mai bincike, Hannah Hoechner, ta yi aiki da almajirai, a 2011 suka yi fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Abin da suka zaɓi nunawa shi ne wulaƙancin da suke sha a gidajen da suke yi wa aiki da kuma kallon da ake yi musu a gari. Mai zuwa daga waje da ƙila bara kawai zai gani.

Gardin Tsangaya:
To wannan na yarda da shi. Da an tambaye mu a 2020, lokacin korona da gwamnoni suka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, da an ji abin da ba a ji ba. Ba wanda ya tambayi ko gardi ɗaya.

Maman Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aikin sa kai da irin waɗannan yara, kuma tsoro nake ji miki da su. Kowa yana maganar amfanin abin, ba a taɓo haɗarinsa ba. Yaron da aka gani yana bin 'yan'uwansa da tambayoyi, yana shiga motar wata mai gilashi duk sati, sunan da za a sa masa infoma. In aka yi kame a tashar cikin watan, ko da ba ruwanki, a kansa za a sauke. Ke kina gida kin kulle ƙofa, shi a nan zai kwana.

Na biyu, abin da zai ji. Wani zai gaya masa abin da manya ke yi masa da dare. Yaron da ke ɗauke da nasa ciwon kin ɗora masa na mutum goma. Wa zai kai wa? Kafin ki fara, ki san asibitin da za ki kai mara lafiya, ki san wanda za ki kira in an kama ɗaya daga cikinsu, ki kuma yanke tun yanzu abin da za ki yi in aka ce miki ana lalata da ƙaramin yaro. Kada ranar ta zo kina inda-inda.

Na uku, 'yan mata. Akwai su, ba sa kwana a fili ne kawai. Suna wajen masu abinci, suna wanke-wanke a ba su wurin kwana, wasu kuma abin da ake karɓa a wurinsu ya fi wanke-wanke. Namiji ba zai kai ki wurinsu ba.

Tsohon Ɗan Tasha:
Hajiya ta gama magana. Maganin sunan infoma shi ne kada a yi komai a ɓoye. Ki fara da shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar, ki gaishe da mai shayi, ki bari yaran su zaɓi nasu da kansu a gaban kowa. In ke kika zaɓa, mai bakin zaƙi za ki ɗauka, kuma mai bakin zaƙi a tasha ba shi ne ake yarda da shi ba.

Kawu kuma, ka ce riba aljihu ɗaya take shiga. To a biya su mana. Ba kuɗin shayi ba, ladan aiki. Yinin da ya zauna da ita ya rasa dakon ranar, ta tambayi abin da yake samu ta ba shi abin da bai gaza haka ba. Kuma duk sati, kada a tara masa. Kuɗi mai kauri a hannun wanda ba shi da ƙofar kullewa fitina ce, ko a sace ko a sha. Na ga wanda wata ƙungiya ta ba jari a dunƙule, kwana uku muka yi muna cin tsire, ni ma na ci, Allah ya yafe mana.

Kawu Na Baya:
Yanzu ka yi magana. In da lada a fili, na janye rabin ƙorafina. Rabin da ya rage: sunan wa za a rubuta a bangon littafin?

Dakta Mai Alli:
Kundin digiri sunan ɗalibi ɗaya yake ɗauka, wannan dokar jami'a ce. Amma maƙalar da za ta fito daga ciki ana iya sa sunayensu a matsayin marubuta in sun so. In sun so, na ce, don suna a takarda yana bin mutum. Wanda yau yake alfahari, bayan shekara goma yana neman aure ba zai so surukai su ga an buga cewa ya kwana a tasha ba. A bar kowa ya zaɓa, sunansa ko laƙabi. Kuma iko na gaske yana yiwuwa: a Amurka akwai tallafin ma'aikatar gidaje na yaƙi da rashin matsugunin matasa wanda ba a sakar wa gari kuɗin aiwatarwa sai kwamitin matasan da suka yi rayuwar ya amince da tsarin.

Ɗalibar Masta:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na bi shawarar Yaya. Kawuna direba ne, shi ya kai ni wurin shugabannin tashar, muka koma bayan sallar isha'i. Wurin da na sani da hantsi ba shi ba ne da dare, ko fuska ɗaya ban gane ba sai ta mai suna uku, wanda ya gan ni ya fashe da dariya. Su suka zaɓi mutum uku, kuma har da shi, wai ya fi kowa sanin mutane. Wata mai tuwo ta ce za ta haɗa ni da yarinya ɗaya in Maman Biyu za ta zo tare da ni, don haka Hajiya zan biyo ki ta akwatin sirri.

Mun zauna sau biyu a bencin mai shayi, na karanta musu tambayoyina. Ta farko, me ya sa ka bar gida, suka ce in cire ta daga farko, wai wannan sai an yi wata ana gaisawa. Suka ƙara tambaya a kan wanka da bayan gida, da wata a kan wanda ke karɓar kuɗin kwana, da wata da ban taɓa tunani ba: in ka yi zazzaɓi wa ke saya maka magani. Ƙaraminsu ya tambaye ni nawa za a biya ni in na gama. Na gaya masa gaskiya, ba a biya, amma takardar za ta iya samo mini aiki. Ya ce to ai an biya ke nan.

Ga inda na maƙale. Sun zana mini taswirar duk wuraren kwana a bayan kwali, da na damina da na hunturu, da inda ake gudu in an zo kame. Malamina da ya gani ya miƙe tsaye, ya ce wannan ce zuciyar kundin, yanzu ya yarda bincike ne. Su kuma sun ce taswirar ba za ta shiga littafi ba, don ganewata kawai suka zana.

Kawu Na Baya:
To ga tsanin Dakta ya zo har gida. Mu ga matakin da za a taka.

Dakta Mai Alli:
Akwai hanyar tsakiya. A cire sunan tasha da na gari, a sauya fasalin zanen, a bar nau'in wuraren kawai: rumfa, ƙarƙashin tirela, barandar masallaci. Ilimin ya fita, ba a nuna wa kowa hanya ba.

Maman Biyu:
Dakta, duk wanda ya san garin zai gane tashar daga shafi na biyu, sunan jami'arta yana bango. Kuma ba ce mata suka yi ta sauya fasali ba, cewa suka yi kada ta sa.

Tsohon Ɗan Tasha:
Ƙanwata, kada ki yanke a nan zauren, mu ba mu za mu kwana a wurin ba. Ki koma musu da shawarar Dakta, ki zana irin wadda yake nufi a gabansu su gani da idonsu. In sun ce e, shi ke nan. In sun ce a'a, ki mayar musu da kwalinsu, ki kuma goge hoton da kika ɗauka a waya, don na san kin ɗauka.

Ɗalibar Masta:
Na ɗauka, Yaya. Har na tura wa malamina.

Maman Biyu:
To ki fara da kiran malamin tun yau, kafin ya sa ta a allon wani taro. Ranar Alhamis ba ni da aikin dare, ki zo ki ɗauke ni bayan magariba mu je wurin mai tuwon.